Rediyo a Kan Randa

A Wad Madani, bayan layin dogo,
akwai gida mai fentin gwamnati, rabinsa ya ɓare.
Mu ashirin da bakwai ne a ciki.
A'a, da shida, tun daren Laraba
da Attayib ya juya fuska bango bai juyo ba.

Yau majalisa na zama a kanmu.
Gambo ya lasa batir, ya ce da sauran rai,
ya ɗora rediyo a murfin randa.
Muka jawo gadajen igiya inuwar dalbejiya
kamar masu jiran rabon gado,
alhali mu ne abin rabon.

Wani mai murya kamar man shanu ya miƙe.
Ya ce, ya Shugaba, kowane gado guda
yana cin jine kaza a wata.
Na dubi gadona.
Ban taɓa ganin ya ci komai ba,
ni dai kuɗin cizo ke ci a kansa.

Ya ce kamfani zai kawo fanka da likita da tayil.
Ya ce baitulmali ya rame.
Hajja Bakhita ta ɗaga tsintsiyar hannunta:
ku kawo shi nan a gwada,
a ga wanda ya fi wani ƙashi.

Sai wata mace ta karɓi magana,
ƙarar rediyo ta cinye sunanta.
Ta ce, wanda ba ɗa, ba jika, ba fansho,
wa zai saya masa iskar fankar?
Aka bubbuga tebur.
Aka ce ta kauce wa batu.
Aka ce lokacinta ya ƙare.
Nan muka yi dariya har tari ya sarƙe Gambo:
ashe ita ma tamu ce.

Kakana ya taso daga Haɗeja a ƙafa, Makka ya nufa.
Guzuri ya ƙare a bakin Nilu, ya kama fartanya.
Bai kai ba. Ni ma ban kai ba.
Shekara talatin da ɗaya
ina buɗe wa auduga ruwa a Jazira,
laka har gwiwa, sauro har cikin kunne.
Audugar ta hau jirgi, ta ga tekun da ban gani ba,
ta komo riga.
Wa ya sani, ko ita ce yau a wuyan mai man shanu.
Ban ce ya tuɓe ba.
Ya dai shafa ta kafin ya ɗaga hannu.

Kada in yi ƙarya da furfura:
gidan nan ba aljanna ba ne.
Kisra takan zo da tsami, wake ba mai,
maganin hawan jini sai wata ya raba.
Amma ba a taɓa tare ni a ƙofar barci da rasit ba.
Mahasin mai shara, wata uku ba albashi,
ita ke yanke mana farce ran Juma'a.
Na kasa kunne, sashe bayan sashe,
ban ji inda aka saka ta ba.

Suka daɗe a kan kalma ɗaya:
a rubuta mazauna, ko a rubuta abokan ciniki?
Ni da ban sayi ko allura ba tun bara.

Da la'asar sakaliya Shugaba ya gyara murya.
Ya ce, waɗanda suka amince,
sai batir ya cika.

Gambo ya jijjiga, ya mara, ya sake lasa. Shiru.
Hajja Bakhita ta ce, to mu kaɗa tamu.
Hannu goma sha tara suka tashi a kan a'a,
biyar na barci, ɗaya ba ya ji,
na Koko kuwa shanyayye ne, muka ƙirga masa.

Ba mu gaya wa juna abin da muka sani ba:
tun makon jiya wani yaro mai takalmi mai sheƙi
ya zo da igiyar awo, ya auna ɗakuna,
ya gaishe mu da ladabi,
ya ce in ɗan riƙe masa bakin igiyar.
Na riƙe.